Asalin Kalma: Daliget

Kalmar "daliget" ta shigo Hausa daga Ingilishi, shi kuma ya gaje ta daga Latin, inda tushenta ke nufin aika mutum da saƙo a madadin wani. Hausa na da "wakili", wadda ta aro daga Larabci tun da daɗewa, har ta zama sarauta. Amma da zarar an zo zaɓen fid da gwani, 'yan siyasa da 'yan jarida sukan ce "daliget-daliget". A ganina dalilin shi ne jama'a sun lura ma'anonin biyu sun raba hanya. Wakili yana komawa ya ba da bahasi ga waɗanda suka aiko shi, daliget kuwa sau da yawa bakin gwamna ko ubangidansa yake kallo.

Wani zai ce ai suna ne kawai na aiki, kuma dole jam'iyya ta taƙaita masu zaɓe. Gaskiya ne, sai dai ƙanƙantar adadin ita ke bai wa manya ƙarfi. A watan Mayun 2022 Atiku Abubakar ya samu takarar shugaban ƙasa ta jam'iyyar PDP da ƙuri'u 371, Nyesom Wike na da 237, bayan Aminu Tambuwal ya janye ya roƙi magoya bayansa su zaɓi Atiku. Mutane ƙasa da dubu suka tsayar wa miliyoyi ɗan takara. Ya kamata 'yan jam'iyya su riƙa tambayar daliget ɗin ƙaramar hukumarsu wa ya zaɓa, kuma don me, domin amanarsu ya ɗauka.