Daren da Tsoho da Saurayi Suka Ƙi Sauka

Mu masu bin wasan besbol na Amurka ta waya, muna da wata ɗabi'a. Kafin kowane wasa, abin da muke fara dubawa shi ne sunan masu jifa biyu da za su buɗe fage. Su ne ke tsayawa a kan ɗan tudun da ke tsakiyar fili suna wurga ƙwallo, mai kulki kuma yana ƙoƙarin bugunta. Wasan turmi tara ne, kuma a kowane turmi sai an fitar da mutum uku daga kowane ɓangare. Idan mai jifa ya yi kyau, ƙungiyarsa ta huta.

Yau muna da alƙaluma har sun yi mana yawa: gudun ƙwallo, yadda take juyawa a iska, inda take lanƙwasa. Tun 2015 na'urorin Statcast ke auna kusan kowane motsi a filayen babbar gasar MLB, mu da aikinmu rubuta manhaja ne kuwa ba ma gajiya da su. Amma akwai wani dare da muke yawan komawa gare shi, don ya nuna mana abin da lissafinmu ya raba wasan da shi.

Ranar 2 ga Yuli, 1963, ƙungiyar Milwaukee Braves ta baƙunci San Francisco Giants a filin Candlestick Park. Da a ce mu ne za mu rubuta sharhin share fage a ranar, ga abin da za mu tarar. Giants ta tsayar da Juan Marichal, ɗan Jamhuriyar Dominika mai shekara 25, wanda a ranar 15 ga Yuni ya gama wasa da ƙungiyar Houston ba tare da ko mutum ɗaya ya samu bugu mai kyau a kansa ba. Braves kuma ta tsayar da Warren Spahn, bahago mai shekara 42, tsohon soja da Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye masa kakar wasa uku har ya dawo da rauni. Bai ci nasararsa ta farko a gasar ba sai 1946, yana da shekara 25, wato shekarun abokin karawarsa a wannan dare. Dukansu biyu sun yi suna wajen ɗaga ƙafa sama sosai kafin su saki ƙwallo. Da hasashenmu ya ce tsohon ne zai fara gajiya.

Aka yi turmi tara babu ci. A turmi na huɗu Willie Mays ya wurgo ƙwallo daga can tsakiyar fili, aka fitar da Norm Larker yana gab da ci wa Braves. A na tara Willie McCovey ya buga wata da ta tsallake katanga, alƙali ya ce ta bayan layi ta bi. Hank Aaron ya zo bugu sau shida, ya koma hannu rabbana.

Kocin Giants, Alvin Dark, ya nemi ya sauke Marichal fiye da sau ɗaya. Kamar yadda Marichal ya sha ba da labari daga baya, nuna masa Spahn ya yi, ya ce muddin wannan dattijo yana kan tudu, shi saurayi ba inda za shi. Haka aka ci gaba, kare jini biri jini, har dare ya raba.

A turmi na 16, bayan an fitar da mutum ɗaya, Mays ya buga ƙwallon Spahn ta tsallake katangar hagu. Aka tashi 1 da 0 bayan awa huɗu da minti goma. Marichal ya yi jifa 227, Spahn 201.

Yanzu da wuya a bar mai jifa ya wuce 100. Kuma ba zalunci ba ne. Alƙaluma sun nuna cewa idan masu kulki suka fuskanci mutum karo na uku a wasa ɗaya, sukan fara gane dabarunsa, don haka koci kan sauya shi a turmi na biyar ko na shida. Ga kuma batun jijiyar gwiwar hannu. Tun da likita Frank Jobe ya yi wa Tommy John tiyatar dashen jijiya a 1974, ɗaruruwan masu jifa sun bi ta ƙarƙashin wannan wuƙa. Wanda ya zuba miliyoyin daloli a kan hannu guda ba zai bari a ƙarar da shi a dare ɗaya ba.

Sakamakon a fili yake. Marichal shi kaɗai ya kammala wasa 30 daga farko har ƙarshe a 1968. A 2024, ƙungiyoyi 30 a haɗe ba su kai 40 ba. Spahn kuwa 382 ya kammala a rayuwarsa, ya kuma ci nasara 363, adadin da babu bahagon da ya taɓa kai wa.

Abin da ke damunmu shi ne, irin tunaninmu ne ya kawo wannan sauyi. Da an ba mu aikin rubuta manhajar da za ta ba Dark shawara, da tun a turmi na bakwai ta ce a sauke Marichal, kuma bisa ƙa'ida da ta yi daidai. Sai dai da an bi ta, babu wanda zai tuna wasan bayan shekara 60. Karawar da muke zumuɗin karantawa da safe, yanzu rabin wasa take ɗauka, sauran kuma masu canji ne ke shigowa ɗaya bayan ɗaya.

Spahn ya gama kakar 1963 da nasara 23, Marichal da 25. A shekara mai zuwa hannun tsohon ya fara ja da baya, ya ci 6 aka cinye shi 13. A 1965, kakarsa ta ƙarshe, ya koma Giants, inda shi da Marichal suka sa riga iri ɗaya. An shigar da Spahn zauren gwarazan besbol a 1973, Marichal kuma a 1983, ɗan Dominika na farko da ya samu wannan girma.