Horon kare ba ya ƙarewa da ƙuruciya

A garuruwanmu kare ma'aikaci ne: yana gadin gida da garke, yana raka mafarauta daji. A arewacin jihar Tahoua ma akwai karen Azawak mai dogayen ƙafafu, wanda Abzinawa suka daɗe suna kiwo. Sai dai yawancinmu muna koya wa kwikwiyo ƴan abubuwa, daga nan mu sake shi. To, nan kuskuren yake, don abin da aka daina maimaita wa kare, sannu a hankali yake watsar da shi.

Daga sati 3 zuwa 12 ne kwikwiyo ya fi saurin sabo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi: mu nuna masa yara, awaki, kaji da baƙi, mu koya masa sunansa da "zo" da "bari". Idan ya kai wata 3 a kai shi wajen ma'aikatan kiwo a yi masa rigakafin ciwon hauka, a riƙa sabuntawa yadda suka ce.

Tsakanin wata 6 zuwa 18 ne taurin kai ke tasowa. Sai ka kira shi ya yi kamar bai ji ba, ko ya fara korar ƴan awakin maƙwabta. Wanda ya saki horo a nan, shi ne ke tsintar kansa gaban mai gari ana maganar biyan diyya.

Dabarar ba wuya. Minti 5 a rana sun isa. Kowa a gida ya riƙe kalma ɗaya. Da ya yi daidai, a ba shi lomar tuwo nan take, don ya gane abin da ya jawo ladan. Duka kuwa tsoro yake sa masa, kuma kare mai tsoro ya fi saurin cizo.

Idan ya tsufa, wajen shekara 8 zuwa sama, ji yana iya raguwa, sai mu haɗa da alamar hannu. In karen da muka sani da sanyin hali ya canza farat ɗaya, ba horo yake buƙata ba, a ware shi a kira ma'aikacin kiwo. Wanda kare ya ciza kuma, a wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, a garzaya da shi likita.