Daga Motar Kara zuwa Zayyanar Allo

Iyaye da yawa, idan suka ji makaranta ta ware wa yara lokacin zane da ƙere-ƙere, sai su ɗauka wata baƙuwar al'ada ce da ta shigo tare da boko, kuma ɓata lokaci ce ga yaron da ke da lissafi da Turanci a gabansa. Tarihin ƙasar Hausa bai goyi bayan wannan fahimta ba. Tun kafin a kafa allon bango na farko a Arewa, yaro yana tashi ne hannunsa na aiki, idonsa na auna fasali da launi, kuma manya ne suke ɗora shi a kan haka. A ganina makarantar zamani ta tarar da wannan tarbiyya da ranta, ta fara riƙe ta, daga baya ta sake ta.

A dubi abin da ke faruwa da kaka, bayan an yanke dawa an bar kara a gona. Yaro zai zaɓi sille mai kyau, ya ɓare bayansa siri-siri da haƙori ko reza, ya yayyanka totuwar, ya riƙa soka wannan cikin wancan har mota ta tashi da ƙafafu da ƙofa da wurin zaman direba. Babu wanda ya ba shi taswira. Shi zai tuna motar da ya gani ran kasuwa, ya gwada, ta karye, ya sake. Wasu su kwaɓa yumɓu a bakin kududdufi su fitar da shanu da dawaki, 'yan mata su yi wa 'yar tsana kitso da zane, su koyi saƙar faifai da ƙunshin lalle a gefen iyayensu. Da azumi kuma ga tashe, inda yara ke haɗa gemu da auduga su ƙago shigar da za ta ba gari dariya.

Inda abin ya fi tsari shi ne makarantar allo. Almajiri shi ke feƙe alƙalaminsa, shi ke dafa tawadarsa da ƙaro, kuma kafin ya iya fassara aya ya riga ya shafe shekaru yana horar da yatsunsa kan kaurin baƙi da tazarar layi. Wanda ya yi nisa har ya kai ga rubuta Alƙur'ani yakan sa baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, sannan ya ƙawata wuraren sumuni da rubu'i da hizifi da zane mai launi, kowane gwani da salon da ake gane hannunsa da shi. Ranar sauka kuwa, allon da ɗalibi zai riƙe a gaban jama'a sai an yi masa zayyana, da'ira cikin da'ira, murabba'i a kan murabba'i, ja da kore da rawaya. Ke nan al'ummar da ta fi kowa girmama karatu ita ce ta ga bai kamata a kammala shi ba sai da ado. Daga wannan hannu ne ake samun masu zana aska takwas a jikin babbar riga kafin maɗinki ya sa allura, kuma dangin wannan fasali ne magina suke fitarwa a fuskar soraye a Kano da Zariya, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'arsa a ƙarni na 19.

Boko ma da farko bai raina wannan ba. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu. A Legas, Aina Onabolu ya daɗe yana matsa wa gwamnatin mulkin mallaka ta sa zane cikin darussa, har aka kawo Kenneth Murray a 1927, wanda ya riƙa tura ɗalibansa su zana rayuwar garuruwansu. A 1955 sashen koyar da zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ya ƙaura daga Ibadan zuwa Zariya, kuma a nan ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta dage sai an haɗa dabarun waje da fasahar gida. Sai dai yayin da zane ke hawa jami'a, a firamare ƙasa ya riƙa yi, domin takardar shaidar da ke kai mutum ofis ba ta tambayar abin da hannunsa ya iya. Har yau darasin al'adu da fasaha yana cikin manhaja, amma a azuzuwa da yawa an mayar da shi rubutun da ake kwafa daga allo a haddace don jarrabawa.

Masu cewa addini ya hana zane suna da abin da suka dogara da shi, domin malamai sun yi magana mai nauyi a kan surar abu mai rai. Amma wannan magana ba ta taɓa hana zayyana ko ɗinkin hula ko adon gini ba, kuma malaman ne da kansu suka raya su. Akwai kuma masu cewa koyon gargajiya kwaikwayo ne kawai, yaro yana maimaita abin da maigidansa ya yi. Da gaskiya a ciki, don ba kowane maigida ke barin yaro ya kauce wa salo ba. Duk da haka, ba a san gwani da iya kwafa ba, sai da abin da ya ƙara, kuma ba ya ƙarawa sai ya mallaki tushen. Masu tambayar ko zane na kawo abinci kuwa, su zaro takardar naira 20 su dubi Ladi Kwali. A wajen wata 'yar uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane tana ƙaramar yarinya a ƙasar Gwari, tana zana kadangaru da kifaye a jikinsu. A 1954 ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wadda ake kira Suleja yanzu, aka nuna aikinta a Landan, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa.

Don haka malamin firamare da ke kukan babu kuɗin sayen fenti da takarda, ya leƙa bayan ajinsa: akwai kara, akwai yumɓu, kuma da wuya a rasa mai zayyana ko maɗinkin hula a unguwar. A gayyato shi aji ko da sau ɗaya a mako, a ba yara kayan a hannu, a bar su su ƙera abin da suka ga dama.