Daga fara a ƙugiya zuwa ma'aunin zafi a aljihu

A shekarar 1653 wani tsohon ɗan kasuwar Landan, Izaak Walton, ya fitar da littafinsa na kamun kifi, The Compleat Angler. A ciki ya koya wa sabon shiga yadda ake kama kifin da Turawan Ingila ke kira cab, kuma ranar da ya zaɓa masa ita ce wadda rana ta ƙwalle. Mutum ya tsinci fara biyu ko uku a makiyaya, ya nufi gurbi mai zurfi inda kifayen ke shawagi a saman ruwa, ya laɓe bayan bishiya, ya tsaya ƙyam. Sai ya sauke farar sannu a hankali daidai gaban babbansu. Ko inuwar tsuntsu ta gifta, duk sun nutse. A wurin Walton zafi abokin mai fatsa ne, shi ke fito masa da kifi fili.

Cab kifi ne mai faffaɗan kai da wawakeken baki, ga tsoro ga haɗama: burodi, cuku, tana, 'ya'yan itacen da suka faɗo ruwa, ba ya ƙyale ko ɗaya. Abokin zamansa babel ya fi son ƙasan kogi, inda ruwa ke gudu da ƙarfi bisa tsakuwa. Bakinsa yana kallon ƙasa, da gashin baki huɗu irin na tarwaɗa, sai dai shi mai ɓamɓaroki ne. Abin da zai ba Bahaushe mamaki shi ne duka biyun ba kifin miya ba ne. Naman cab salam yake, ga ƙaya. Ƙwan babel kuwa yana da guba, kuma tun a 1496 wani littafin kamun kifi ya gargaɗi mutane game da cin kifin. Don daɗin kokawa kawai ake nemansu.

A ƙarni na 19 jirgin ƙasa ya buɗe wa ma'aikatan masana'antu hanyar kogi. A kogin Thames masu hali kan yi hayar kwalekwale da masunci, a yi kwanaki ana zuba tana dubbai a gurbi ɗaya kafin a jefa ƙugiya. A kogin Trent mutanen Nottingham suka yi suna da barin ƙugiya ta bi ruwa da nisa. Abin da aka kama a kashe, a kai gidan giya a auna, wanda ya fi nauyi ya ci gasa. Ba wanda ya damu da ko kifin ya gaji, tun da mutuwa zai yi.

Ɓarnar ta yi yawa, har ana kwashe kifi da ƙwai a ciki. A 1878 ɗan majalisar Sheffield, A. J. Mundella, ya tsaya aka yi dokar da ta hana kamun irin waɗannan kifaye daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni. Ranar 16 ga Yuni ta zama kamar sallar masu fatsa, wasu ma a bakin kogi suke kwana suna jiran sha biyun dare. Amma a lura da inda kwanan watan ya faɗo: ana buɗe ƙofa ne daidai lokacin da bazararsu ke kankama, babel kuwa bai daɗe da gama zubar da ƙwai ba, jikinsa bai gama dawowa ba. A wancan zamani wannan bai dami kowa ba.

Asalin gidan babel kogunan da ke kwarara gabas ne, su Thames da Trent da na Yorkshire. A 1956, da tallafin jaridar Angling Times, aka ɗebo guda 509 daga kogin Kennet aka zuba a kogin Severn. Suka hayayyafa har suka cika shi, suka haura kogin Teme. Daga nan mutanen Birmingham suka samu babel a ƙofar gida.

Sauyin da ya fi wannan girma a zuciyar masu fatsan ya faru. Daga shekarun 1950, marubuta irin su Richard Walker suka yaɗa ra'ayin neman ƙaton kifi guda da gangan, a auna shi, a ɗauki hoto, a mayar da shi da rai. Abin laƙawa a ƙugiya ma ya sauya, daga tana zuwa naman gwangwani da dafaffun 'ya'yan wiwi, daga baya kuma dunƙulallen abincin gidan gonar kifi mai maiƙo. Babel ya yi ta ƙiba. Na kilo shida da rabi da aka kama a kogin Avon na Hampshire a 1934 an shekara da shekaru ana labarinsa, amma a 2006 kogin Great Ouse ya ba da mai sama da kilo tara da rabi. Wannan kifin har suna gare shi, don an sha kama shi ana saki.

To wanda ya ce zai mayar da kifi da rai ya ɗauki amana, kuma a nan zafi ya juya masa baya. Ruwa mai digiri 10 yana iya riƙe kimanin miligiram 11 na iskar oksijin a kowace lita, a digiri 25 kuwa da ƙyar ya wuce 8, alhali buƙatar kifin ƙaruwa take yi. Babel ba ya sallamawa, sai ya ƙarar da ƙarfinsa kaf. A sake shi da gaggawa, ya ɗan tafi kamar lafiya, can ƙasa ya kife ciki sama. Shi ya sa gogagge ba ya fito da shi nan take. Yana barinsa cikin koma a ruwa ya huta, sannan ya cire ƙugiya bisa jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, sannan ya tsuguna a ruwa ya tallafe shi, kai yana fuskantar inda ruwan ke zuwa. Minti biyar, goma, wani lokaci fiye, sai ya ji kifin ya miƙe yana fizga da kansa. Ƙungiyar Barbel Society, da aka kafa a 1995, ta mayar da wannan ƙa'ida a rubuce.

Farin 1976 an ɗauke shi abin da ba ya maimaituwa. Sai ga 2018, sai ga 2022, lokacin da zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby ta Ingila ranar 19 ga Yuli. Koguna suka janye, tsakuwa ta fito fili, ƙungiyoyi da dama suka rufe gaɓoɓinsu da kansu ba tare da doka ta tilasta musu ba. Hukumar kula da muhalli ta sake duba dokar hana kamun a 2019, ta bar ta yadda take a koguna. A ganina kalanda ba ta san zafin ruwa ba, wata shekarar Yuli ya fi Afrilu haɗari ga babel. Masu fatsan sun riga hukuma ganewa. Yanzu da yawansu kan tsoma ma'aunin zafi tun da asuba kafin su kwance kaya. Idan ya haura digiri 20 ko kusa da haka, wasu su koma neman cab da ɓawon burodi, don ya fi juriya, wasu kuma su naɗe fatsa su koma mota.