Ƙayyade Shekaru Wajen Ɗaukar Aiki: Inda Aka Kwana A Nijeriya

Wariyar shekaru wajen ɗaukar aiki ita ce a hana mutum gurbin da ya cancanta saboda yawan shekarunsa kawai, alhali yana da ilimi da ƙwarewar da ake bukata. A Turai da Amurka dattawan ma'aikata ne suka fi kuka da ita. A Nijeriya kuwa matasa ta fi ci wa tuwo a ƙwarya, domin bankuna da manyan kamfanoni kan sharɗanta cewa kada sabon ma'aikaci ya haura shekara 26 ko 27.

Tushen matsalar

Ɗalibin jami'ar gwamnati ba shi ke yanke ranar kammala karatunsa ba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya lashe kusan wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022. Idan aka haɗa da jiran gurbin karatu da shekarar yi wa ƙasa hidima, sai matashi ya fito da digiri bayan ƙofa ta riga ta rufe. Wannan ne ke tura wasu zuwa kotu su yi rantsuwar rage shekaru, lamarin da ya saɓa wa doka, kuma yakan dawo ya ci mai shi idan aka zo tantance takardu ko lissafin fansho.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, amma bai ambaci shekaru ba. Sashe na 17 ya ɗora wa gwamnati nauyin buɗe wa kowane ɗan ƙasa hanyar neman abinci ba tare da wariya ba, sai dai yana cikin Babi na Biyu, wanda ba a kai gwamnati ƙara a kansa kai tsaye. Yarjejeniya mai lamba 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2002, ita ma ba ta lissafa shekaru ba, ko da yake ta bar wa kowace ƙasa damar ƙara wasu dalilan.

Nijeriya ta riga ta toshe irin wannan giɓi a wasu fannoni. Akwai dokar 2014 da ta hana tsangwamar masu ɗauke da cutar HIV, da dokar kare masu bukata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019.

Yunƙurin majalisa

A 2019 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin hana wariyar shekaru a ma'aikatu da hukumomin tarayya, amma bai zama doka ba. A Yulin 2023 kuma Sanata Abba Moro mai wakiltar Binuwai ta Kudu ya gabatar da batun a Majalisar Dattawa, inda ta bukaci Ma'aikatar Ƙwadago da ta tsara manufar da za ta hana ma'aikatun gwamnati da kamfanoni gindaya wannan sharaɗi. Irin wannan matsaya shawara ce kawai, babu hukunci a kan wanda ya yi kunnen uwar shegu da ita.

Ita kanta gwamnati tana da nata iyakokin. Wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala digiri ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar ɗauke nauyi ake ba shi. Kuratan 'yan sanda kuma daga shekara 18 zuwa 25 ake ɗauka. Masu kare wannan tsari a aikin ɗamara na kafa hujja da ƙarfin jiki, hujjar da ke da wuyar tsayawa a aikin ofis.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Amurka ta kafa doka tun 1967 mai kare 'yan shekara 40 zuwa sama. Birtaniya ta sanya shekaru cikin Dokar Daidaito ta 2010. A Afirka, dokar daidaiton aiki ta Afirka ta Kudu ta 1998 da Tsarin Mulkin Kenya na 2010 duk sun ambaci shekaru ƙarara.

Mafita ga wanda aka hana

Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar wariya a wurin aiki, tare da ikon amfani da yarjejeniyoyin ƙwadago da Nijeriya ta amince da su. Sai dai shari'a na cin kuɗi da lokaci, abin da mai neman aiki ba shi da shi. Nijeriya ta taɓa sassauta shingen shekaru a fagen siyasa a 2018, lokacin da aka rage shekarun takarar Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25. Matuƙar ba a yi makamanciyar wannan doka a fagen aiki ba, mai ɗaukar ma'aikata ne zai ci gaba da yanke shekarun da ya ga dama.