Na'urar Kai Muryar Liman Kunnen Mai Nauyin Ji: Yadda Take da Yadda Ake Kafa Ta a Masallaci



Na'urar da za mu yi bayani a kanta kaya biyu ne masu aiki tare. Akwai mai aikawa, ƙaramin akwati da ake jonawa da kayan sautin masallaci, yana ɗaukar muryar liman ya watsa ta a iska kamar gidan rediyo, sai dai ba a so ta wuce haraba. Akwai kuma mai karɓa, wanda bai fi wayar hannu girma ba, mutum ya sa shi a aljihu ya saƙala abin ji a kunnensa. Amfaninta shi ne mai nauyin ji ya ji huɗuba ko tafsiri kamar liman yana magana ne a gefen kunnensa, ko da a sahun ƙarshe yake.

Abin da ya sa lasifika ba ta wadatar

Idan dattijo ya yi kukan ba ya jin huɗuba, abin da kwamitin masallaci ya saba yi shi ne ya ƙaro lasifika ko ya ƙure ƙara. Wannan ba ya magani, sau da yawa ma ƙara ɓata lamarin yake yi. Nauyin jin da tsufa yake kawowa yakan fara cin sirarran sautuka ne, irin s da sh da f da ts, ya bar wasula. Mutum zai ji ana magana sarai, amma ya kasa bambance sara da shara da fara da tsara. Ƙarin ƙara ba ya dawo masa da haruffan da suka ɓace, sai dai ya ƙara masa gunji.

Ga kuma ginin kansa. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin murya yakan ragu da kusan desibel 6. A cikin ɗaki kuwa muryar tana bugun bango da tayil da kwano ta dawo a makare, ta hau kan kalmar da take biye. Idan aka haɗa da ƙugin fanka da janareto da baburan titi, mai lafiyayyen kunne ma sai ya natsu. Masana ji suna so murya ta ɗara hayaniyar wuri da kusan desibel 15 kafin mai raunin ji ya fahimci magana ba da wahala ba, kuma a babban masallaci lasifika ba ta iya ba shi hakan. Na'urar nan tana tsallake nisan da hayaniyar gaba ɗaya, domin daga bakin makirifo take ɗauko muryar.

Kada a ɗauka mutum biyu ko uku ne abin ya shafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 430 ne suke da raunin ji mai buƙatar kulawa, wato fiye da biyar cikin ɗari na mutanen duniya, kuma a cikin waɗanda suka haura shekara 60 ya zarce ɗaya cikin huɗu. Mu kuma muna cikin yankin sanƙarau da ya taso daga Senegal har Habasha, kuma cutar takan bar wanda ya tashi daga gare ta da raunin ji. Haka ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa da aka bari ya daɗe. Shi ya sa za a iske matsalar ga ɗalibi matashi a makarantar dare kamar yadda ake iske ta ga tsoho.

Ire-irenta

Wadda aka fi sani ita ce mai aiki da igiyar rediyo ta FM. Tana ratsa bango, rana ba ta damunta, kuma muryar tana isa nan take. Kamfanoni suna yin ta a zangon da kowace ƙasa ta keɓe: a Amurka 72 zuwa 76 MHz, a Turai galibi 863 zuwa 865 MHz. Akwai ƴar uwarta ta zamani mai aiki a 2.4 GHz, irin wadda masu jagorantar alhazai da masu yawon buɗe ido suke rarraba wa jama'arsu.

Akwai mai aiki da hasken da ido ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin. Ba ta fita daga ɗaki, don haka ta dace da zaman sulhu ko kotu, amma hasken rana yana dagula ta, ba ta da amfani a haraba ko filin Idi. Akwai kuma waya da ake zagaye ɗaki da ita, tana aika murya kai tsaye cikin na'urar taimaka wa ji mai saitin T. Ta yaɗu a Ingila da ƙasashen arewacin Turai, sai dai ƙarfen gini yana rage mata ƙarfi, kuma masu irin wannan na'urar kunne kaɗan ne a wajenmu. Bluetooth na yau da kullum ban ba da shawararsa ba: bai cika wuce mita goma ba, mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka, kuma muryar takan makara. Sabon tsarinsa mai suna Auracast, da aka sanar a 2022, yana watsa wa mutane da yawa a lokaci guda, amma sai da sababbin kaya.

Hanya mafi araha gare mu ita ce ƙaramin mai aikawa a zangon rediyon gida, 87.5 zuwa 108 MHz. Dalili kuwa, mai karɓar yana aljihun mutane tun tuni: yawancin ƙananan wayoyin Tecno da itel suna da rediyo, kuma igiyar abin jin ita ce eriyarsu. Sai dai wannan zango na gidajen rediyo ne masu lasisi. Kafin a kunna, kwamiti ya tuntuɓi hukumar da take rabon zango a ƙasarsa: ARCEP a Nijar da Chadi, NCA a Ghana, ART a Kamaru. Ba batun takarda ba ne kawai. Daga 108 MHz zuwa sama zangon jiragen sama ne, kuma na'ura mai arha marar tacewa takan yi yoyo zuwa can. Masallacin da yake kusa da filin jirgi ya yi hattara ƙwarai. A zaɓi mafi ƙarancin ƙarfin da zai rufe masallaci da harabarsa, domin ba gidan rediyo ake buɗewa ba.

Yadda ake kafa ta

Wurin da ake ɗauko muryar shi ne rabin aikin. A ɗauko daga miksa, ta ƙofar da aka rubuta AUX ko LINE OUT. Kada a kuskura a jona da wayar da take fita daga amfilifaya zuwa lasifika, musamman layin manyan lasifikun hasumiya mai volt 70 ko 100, domin zai ƙona na'urar nan take.

A nan akwai abin da nake so masu kula da sauti su ji da kyau. Masallatanmu da yawa suna sa wa muryar liman eko don karatu ya yi armashi. Ko me za a ce game da hakan a lasifika, ga mai nauyin ji eko cuta ne, domin shi ne ainihin abin da ake neman raba shi da shi. A yawancin miksa, ƙofar AUX tana ba da murya tsurarta ba tare da eko ba, shi ya sa ta fi. Ƙofar da aka rubuta REC OUT kuwa takan kwaso komai har da ekon. A kuma tabbata an buɗe wa layin duk makirifon da ake buƙata: na mumbari, na mihrabi, na ladani, da na mai jan baƙi a lokacin tafsiri. Wanda yake jin fassarar malam amma ba ya jin ayar da aka ja, rabin karatu ya samu.

Eriya a ɗaura ta kafin a kunna wuta, domin kunna mai aikawa ba eriya yakan lalata shi. A tsayar da ita tsaye, sama da kawunan mutane, nesa da kwano da ginshiƙin ƙarfe, ba a cikin akwatin ƙarfen da ake kulle amfilifaya ba. Idan mai zugewa ce, tsawonta ya danganta da zango: a wajen 100 MHz kusan santimita 75 ne. Sannan a kunna rediyo a nemo gurbin da babu tasha a kansa ko a gefensa, a gwada da rana a kuma gwada da dare. A tambayi masallatan maƙwabta lambar da suke kai. Ɗabi'ar FM ce idan biyu suka haɗu a zango ɗaya mai ƙarfin ya danne ɗayan, sai mutum yana zaune gaban limaminsa yana jin huɗubar wata unguwa.

Ƙarfin muryar da take shiga a daidaita shi da liman yana magana yadda yake yi a kan mumbari, ba da hura makirifo ba. Fitilar ta zauna a kore, ta taɓa ja jifa-jifa idan ya ɗaga murya. Idan ta zauna a ja muryar za ta tsage, idan ta yi ƙasa sosai shuu zai rufe ta. Gurnanin da ba ya yankewa galibi daga wuta yake: a jona miksa da mai aikawa a soket ɗaya, a raba wayar sauti da wayar wuta, in bai daina ba a sa ƴar na'urar raba layi a tsakaninsu. Daga nan sai gwaji, kuma mai gwajin ya zama mai nauyin ji ne, ba yaron da ya haɗa kayan ba. Ya zauna a sahun farko, da bayan ginshiƙi, da haraba, a kuma samu wata ta gwada a sashen mata. Tsofaffin mata su ne suka fi cutuwa, domin ga bango ga shi ba sa ganin bakin mai magana.

Game da adadin masu karɓa, ƙa'idar Amurka ga ɗakunan taro tana kaiwa kusan huɗu ga kowace kujera ɗari. Ba dokarmu ba ce, amma ma'auni ne mai kyau na farawa.

Hukunci da ladubban amfani

Isar da muryar liman ga wanda ba ya jin ta ba sabon abu ba ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa a rashin lafiyar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ƙarshe, Sayyidina Abubakar yana jiyar da mutane kabbararsa. Malaman Malikiyya sun halatta mai jiyarwa da koyi da muryarsa. Na'urar nan hanya ce ta jiyarwa, hukuncinta na lasifika ne. A Masallacin Harami ma ana isar da fassarar huɗuba ta zangon FM, kuma a 2020 Hausa tana cikin harsuna goma da aka fassara huɗubar Arfa da su. Masallacin da yake tara Bahaushe da Bazabarme a Yamai, ko masu harsuna daban-daban a zangon Kumasi, zai iya ware layi na biyu don tafinta.

Amma jin murya ba ya mayar da gida masallaci. A mazhabar Malik, Juma'a tana inganta a masallaci da harabarsa da hanyoyin da suke haɗe da shi, ba a cikin gida ko shagon da ba a shiga sai da izini ba. Marar lafiyar da ya kamo huɗuba a ɗakinsa ya amfana da wa'azi, sai ya sallaci Azahar. Shaihu Ahmad al-Gumari na Maroko ya yi littafi yana halatta Juma'a a gida bayan rediyo, amma jumhurun malamai ba su bi shi a kai ba. Allah ne Mafi sani.

Mai amfani da ita ya kamo zango ya daidaita ƙara kafin liman ya hau mumbari. Hadisin Muslim ya ƙirga wasa da tsakuwa lokacin huɗuba cikin yasasshen aiki, to ina ga latse-latsen waya? Ɗan gyara ƙara don buƙata ba ya cikin wannan a ganina. Mai amfani da wayarsa ya rufe ƙarar kira. Kada kuma a maye gurbin na'urar da kallon kai tsaye na Facebook a cikin sahu, domin yakan makara da daƙiƙoƙi masu yawa, liman ya ɗago daga ruku'u mutum yana jin Fatiha. A fara da ƙara kaɗan a riƙa ɗagawa, domin ƙara mai yawa a cikin kunne tana cinye sauran jin da ya rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babba a desibel 80 na awa 40 a mako. Wanda jinsa ya tafi gaba ɗaya wannan na'ura ba za ta yi masa komai ba, shi buƙatarsa tafintan maganar hannu ne ko rubutacciyar huɗuba. Wanda kuma kunnensa yake ciwo ko zubar ruwa, asibiti ya kamata ya fara zuwa.

Liman da ladani su sani duk abin da ya shiga makirifo ya fita waje, kuma duk mai rediyo a kusa zai iya kamawa. Mutane sukan zo bayan sallama da maganar aure ko bashi ko rikicin gida. A kashe mai aikawa da zarar an idar, tun kafin kowa ya matso, musamman idan makirifon na maƙalawa a riga ne.

Sauran aikin na mutum ɗaya ne da za a ɗora wa amana. Shi zai yi caji ranar Alhamis, ya cire batir daga abin da za a daɗe ba a taɓa ba, ya rufe kayan daga ƙurar hunturu, ya rubuta wanda ya karɓa da wanda ya dawo da shi. Abin jin da ake cusawa cikin kunne kada a yi karo-karo da shi. Kowa ya zo da nasa, na masallaci kuma ya zama mai zama a kan kunne, a goge shi bayan kowane amfani. Mutane da yawa suna jin nauyin a san jinsu ya ragu, ba za su je ofis su roƙa ba. A ajiye kwandon kayan a bakin ƙofa, ɗaya a ƙofar maza ɗaya a ta mata, a rubuta lambar zangon da manyan baƙaƙe a bango, ladani kuma ya riƙa faɗarta kafin huɗuba.