Yadda Yadi Mai Furanni Ya Hau Bangon Ɗakin Amarya

A zamanin kakanninmu, idan za a yi wa amarya jere a ƙasar Zurmi ko Shinkafi, bangon ɗaki da kansa ake yi wa ado. Mata su shafe shi da farar ƙasa, su kakkafa faifai masu rini, sa'an nan su jera ƙore da tasoshi. Zane kuwa saƙar hannu ne, mai tsada, ba wanda zai ɗauke shi daga jikin mutum ya ba bango.

Asalin yadi mai furanni daga ƙasar Indiya yake. Turawan Ingila suka yi ta sayensa suna rataya wa gadaje da bangaye, har masaƙansu suka yi kuka, hukuma ta hana shigo da shi a 1700. Daga baya suka koyi buga shi da inji a Manchesta, ya yi araha, suka shiga neman masaya a ƙasashenmu.

To, abin da ya kawo shi ƙofarmu shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Ƙaura Namoda a 1929, nan hanyar ta tuƙe. Jirgi ya kwashi gyaɗa da auduga, ya sauke dilolin atamfa a kantunan Turawa. Fatake suka ɗora wa jakuna, suka nufi kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis. Manomi ya sayar da gyaɗa da kaka, kuɗi ya shiga hannu, sai uwar amarya ta yanki yadi ta lulluɓe bango daga sama har ƙasa.

Yana da amfani, don yana tare ƙurar bangon ƙasa, ɗaki ya yi haske. Amma gara da kuɗin cizo sun sami mafaka a bayansa. Abin dariya kuma, yawancin furannin nan ba su tsirowa a Zamfara, mu dai muka karɓa.

Inda abin ya yi nauyi shi ne gasa. Da, gwanintar hannu ke ƙawata ɗaki, ko 'yar talaka ta samu. Da yadi ya zo, sai mata 'yan ganin ɗaki suka koma ƙirga turmi nawa aka kafa, iyaye da yawa suka ci bashi don gudun gori. Masaƙa da marina kuwa ciniki ya ja baya, tun kafin a buɗe masaƙar Kaduna a 1957.